Ranar da Surukina Ya Tona wa Kansa Asiri a Lasifika

Na bar Alƙahira da jimawa, na dawo gida, har furfura ta fara leƙowa a gemuna, amma akwai wata Alhamis da na tabbata ba za ta fita daga raina ba har ranar da za a rufe ni da ƙasa. A ranar na ga dattijo mai ciwon gwiwa yana gudu a titi, gudun da ni mai jini a jika na kasa bi.

Dattijon surukina ne. A lokacin ina karatun digiri na biyu, ina zaune a unguwar Hayyin Ashir, kuma ban fi 'yan watanni da auren 'yarsa ba. Bahaushen Sudan ne, cikin waɗanda kakanninsu suka fito aikin Hajji a ƙafa suka yada zango a hanya, zangon ya zame musu gida. Tun yana saurayi ya shigo Masar, ya kama aiki a shagon wani Bamisire da ke da lasisin sayar da bindigogin farauta a tsakiyar gari. Aikin Baba, don haka nake kiransa, shi ne sake cika harsashi. Masu wasan harbin faranti, wato waɗanda ake cilla musu farantin yumɓu sama su harbe shi, sukan tattaro kwanson da suka harba su kawo masa. Shi kuma ya sauya kabsula, ɗan abin nan na gindin kwanso da ke tayar da wuta, ya auna albarushi da dalma, ya rufe, kwanso ya koma harsashi. Ni kuwa mutum ne da ko ƙarar fashewar taya ba na so, don haka da aka ce mini sana'ar mahaifin yarinyar ke nan, sai da na yi kwana biyu ina nazarin auren.

A shekarar kuɗin Masar ya karye, kayan waje suka daina shigowa yadda aka saba. Sabon harsashi ya yi tsadar da har masu kuɗi suka fara tsugunawa suna tsintar kwanso a ƙasa, abin da a da sai dai su taka su wuce. Kowa ya dawo wajen Baba, shi kuma kayan aikinsa suka ɓace daga kasuwa. Yau babu kabsula, gobe an samu kabsula babu albarushi, kuma duk abin da ka taya da safe, kafin la'asar ya canza farashi. Na sha ganinsa ya dawo gida da yamma ya zauna, matata ta kai masa shayi ya huce a gabansa. Manyan mutane masu manyan motoci suna bugo masa waya suna lallashi kamar masu neman aure, shi kuma yana raba ɗan abin da ya samu kaɗan-kaɗan don kowa ya taɓa.

Cikin wannan hali ne maigidansa ya samo wani gwangwanin albarushi a hannun wani dillali. Baba bai so ba, domin hatimin murfin ya nuna alamar an taɓa buɗe shi. Amma yana da al'adarsa da ba ya saɓawa. Duk sabon gwangwani, shi yake fara harba abin da ya cika daga cikinsa da hannunsa kafin ya ba kowa. Ya gwada, ya ji lafiya lau. Sannan kowane gwangwani yana da launinsa, yakan ɗiga jan farce mai wannan launin a gindin harsashin don ya san daga inda ya fito. Matata ta sha yi mini ƙorafin cewa tun tana budurwa ba ta taɓa ƙarar da kwalbar jan farce da kanta ba. Wannan gwangwanin kore aka ba shi.

Ranar Alhamis ɗin, bayan azahar, matata ta ba ni abinci in kai masa shago tunda ba ni da darasi. Na same shi a ɗan ɗakinsa na baya, na durƙusa na gaishe shi kaina a ƙasa, don har lokacin ban iya haɗa ido da shi ba. Ya amsa yana tsokanata kamar kullum, “Ustaz, shigo mana, albarushi ba ya tashi da kansa.” Yana faɗa yana karkata gwangwanin don ya juye ragowar a faranti. Sai na ji ya dakata. Na ɗago, na ga ya shimfiɗa garin a tafin hannunsa, ya matsa bakin taga yana kallo.

“Zo ka duba mini, idonka ya fi nawa,” in ji shi. “Iri ɗaya kake gani ko biyu?”

Na duba. Wasu ƙwayoyin masu faɗi ne, wasu kuma ƙanana ƙwarai, sun fi baƙi. Na ce, “Baba, kamar biyu.”

Ya ce, “Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.” Macucin dillalin ya zuba wani albarushin daban a ƙasa, ya rufe shi da mai kyau a sama, yadda ake yi wa kwandon tumatir. Gwajin da Baba ya yi daga saman ne. Ya yi mini bayani a gurguje cewa kowane albarushi da ma'auninsa, idan ka auna mai zafi da ma'aunin mai sanyi, bindiga tana iya fashewa a hannun mai ita. Kuma jiya-jiyan nan ya cika akwati guda daga tsakiyar gwangwanin ya ba wani likitan haƙori, tsohon abokin cinikinsa, wanda zai shiga gasa a kulob ɗinsu yau bayan la'asar.

Ya buga wayar likitan, tana ta ƙara ba a ɗauka. Ya buga gidansa, matar ta ce ai in ya shiga filin harbi a mota yake barin waya. Ya buga ta kulob ɗin, babu wanda ya kula ta. Maigidan shagon kuma ya yi tafiya. Baba ya ja ƙofa ya datse, ya ce, “Yalla, Ustaz, mu tafi.” Abincin ma a nan muka bar shi.

Duk wanda ya zauna Alƙahira ya san yammacin Alhamis. Gari gaba ɗaya yana kan titi, kowa yana danna oda kamar ita za ta buɗe hanya. Kulob ɗin kuma yana can gefen gari, inda gidaje suke ƙarewa sahara ta fara. Muka shiga jirgin ƙasa na ƙarƙashin ƙasa, muka fito muka hau tasi, tasi ta tsaya cak a kan gada. Direban ya kunna sigari ya ce, “Zahma, ya Hajji, ma'alish.” Wato cunkoso ne, a yi haƙuri. Baba ya miƙa masa kuɗi, ya buɗe ƙofa, ya tattare jallabiyarsa ya fara gudu a tsakanin motoci. Mutumin da a zaune yake sallah saboda gwiwa! Ina binsa ina haki, ina jin kunyar yadda mutane suke leƙowa ta taga suna kallonmu, shi kuwa ko waiwaye bai yi ba. A ƙasan gadar muka samu tuktuk, wato keke mai ƙafa uku, yaron da ke tuƙa shi ya bi da mu ta wasu lunguna da har yau ban san sunansu ba, daga nan muka kama wata motar. Muna cikinta aka kira la'asar. Na saci kallon Baba, na ga leɓɓansa suna motsi, hannunsa yana kan gwiwar yana matsa ta.

Tun kafin mu isa ƙofar kulob ɗin muka fara jin ƙarar harbi. Kowace ƙara sai na ga kafaɗar Baba ta zabura. Mai gadi ya tare mu, ya dube mu sama da ƙasa, baƙaƙe biyu sun jiƙe da gumi, babu katin shiga. Ya san Baba sarai, amma ya ce ranar gasa ce, doka ta hana, sai dai a aika a kira wani daga ciki. Baba ya hango lasifikar da suke kiran direbobi da ita a ɗakin mai gadin, ya nuna ta ya ce, “Wannan har filin ake jin ta?” Mai gadin ya ce har can.

Nan na ja hannun rigarsa, karo na farko da na taɓa yin haka. Na ce da Hausa, “Baba, duk masu sayen kayanka suna ciki fa. A aika a kira likitan shi kaɗai, a gaya masa a kunne. In ka faɗa a wannan abin, gobe wa zai ƙara kawo maka kwanso?”

Ya dube ni, ba da fushi ba. Ya ce, “Ɗana, kafin ɗan aike ya isa, an harba nawa? Kuma wa ya sani ko ya ara wa wani? Yanzu kowa ara yake.”

Ya shiga ya ɗauki abin maganar. Mai gadin ya miƙa hannu zai hana shi, ya ga fuskarsa, ya janye. Baba ya faɗi sunansa da na shagonsu, da Larabcinsa mai karin Sudan, sannan ya ce, “Duk mai riƙe da harsashin da na cika mai ɗigon kore a gindi, don girman Allah ya sauke bindigarsa. Na yi kuskure a cikinsa. Kada a harba. Laifina ne.” Ya maimaita, ya sake maimaitawa. Dillalin da ya cuce shi ko sau ɗaya bai ambata ba. Harbin ya yi ta raguwa har fili ya yi tsit.

Aka shigar da mu. Likitan ya taho a fusace, bindigarsa a buɗe a kan hannu, fuskarsa ta yi ja. Ashe layinsa ya zo, ya gama da ragowar tsofaffin harsasansa, ya riga ya zura koraye biyu a bindiga. Ya ara wa wani saurayi wasu kuma, kamar yadda Baba ya yi tsoro. Yanzu ga shi babu abin harbawa, kuma a wannan marra babu mai ba shi, gasar ta wuce shi ke nan. Ya yi ta faɗa, “Shekara nake jiran yau, ya Hajji! Ka tsufa, ka fara ganin abin da babu!” Raina ya ɓaci ƙwarai, na ji kamar in amsa masa. Baba kuwa sai haƙuri yake bayarwa, yana bin mutane da buɗaɗɗiyar leda yana karɓar korayen ɗaya bayan ɗaya, yana juya kowanne ya duba gindinsa.

Mai kula da makaman kulob ɗin ne ya ce a raba gardama. Ya ɗauko wata tsohuwar bindiga da aka daina aiki da ita, ya ɗaure ta a jikin ƙarfe can nesa, ya sa doguwar igiya a kunamar, kowa ya koma bayan katanga. Aka zura ɗaya daga akwatin likitan, aka ja. Ta tashi lafiya. Aka sake, lafiya. Sai na fara jin 'yar dariya ƙasa-ƙasa, likitan yana tafa hannu yana kallon jama'a. Ni dai na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Na matsa kusa da Baba na ce a hankali, “Idan fa duk lafiyarsu ƙalau?”

Ya ce, “Da na fi kowa murna a wurin nan.” Kuma wallahi na ga gaskiyar hakan a fuskarsa.

Aka ci gaba. Ban san ko na nawa ba ne, sai muka ji wata irin ƙara da ba ta yi kama da sauran ba, wani abu ya daki katangar da muke bayanta. Da hayaƙi ya lafa muka je. Bindigar ta tsage, ƙarfen ya buɗe kamar ɓawon ayaba, katakon da ke ƙarƙashinsa ya tarwatse, daidai wurin da mai harbi yake riƙewa da hannun hagu. Likitan ya daɗe yana kallon wurin, sannan ya ɗaga hannunsa na hagu ya buɗe yatsun, ya rufe, ya sake buɗewa. Ya juyo neman Baba, sai ya same shi zaune dirshan a ƙasa, gwiwar ta ƙi ɗaukarsa. Likitan ya tsuguna da fararen kayansa a cikin rairayi, ya kama kan Baba ya sumbata. Baba yana ta faɗin, “Alhamdulillahi, khalas, ya wuce, Alhamdulillahi,” hawaye suna bin gemunsa. Ni ma sai da na juya baya na share nawa.

Kada mai karatu ya ɗauka daga nan komai ya yi daɗi. Maigidan shagon ya yi fushi sosai da aka ambaci shagonsa a bainar jama'a. Wasu daga cikin masu ciniki ba su ƙara dawowa ba, domin abin da suka riƙe kawai shi ne harsashin Hajji ya taɓa fasa bindiga. Baba kuma ya ƙi taɓa kowane albarushi sai mai cikakken hatimi, ga shi babu shi a kasuwa, ya yi watanni a zaune. Gidan ya ji jiki, na gani da idona, don a lokacin ne nama ya ɗauke daga miyarsu. Gwiwar ma ba ta sake komawa daidai ba, da sanda ya ƙarasa rayuwarsa, Allah Ya jiƙansa. Amma ban taɓa jin ya ce da ya sani ba.

A da ina ɗauka mutumin kirki shi ne wanda ba ya kuskure, ko wanda in ya yi ya iya rufe shi ba tare da an ji ba. Surukina ya nuna mini ba haka ba ne. Kuskure yana iya fita daga hannun kowa, ko da ya yi iya ƙoƙarinsa. Abin da ya rage wa mutum shi ne ya tashi ya bi shi da gudu kafin ya isa ga wani, kuma in ya zama dole, ya kira sunan kansa da ƙarfi a gaban waɗanda yake jin kunya. An ba Baba zaɓi tsakanin sunansa da hannun wani, ni ina tsaye ina lissafi, shi kuwa ko tsayawa tunani bai yi ba.