Kyanwar Mai Rediyo

Tun yana saurayi yake gyaran rediyo a wani ɗan shago da ke ƙarƙashin bene, har sunansa na gaskiya ya ɓace, kowa sai Mai Rediyo. Mutum ne mai sanyin hali, ba ya son hayaniya. Sana'ar ta ja baya, amma bai fasa buɗe shago ba, ko da tocila ɗaya za a kawo masa gyara.

A bayan shagon, inda ake zubar da kwalaye, ya fara ganin kyanwar. Ramammiya ce, kunnenta na hagu a yage, ko tari ka yi sai ta ɓace. Ya riƙa ajiye mata kan kifi, ya koma bakin aikinsa kamar bai san da ita ba. Sai da aka kwashe watanni kafin ta yarda ta shigo, ta mai da wata tsohuwar talabijin da mai ita bai dawo ɗauka ba wurin kwanciyarta.

A hankali ya gane maganarta. In ta shigo da wutsiya a miƙe, gaisuwa ce. In ta lumshe ido tana kallonsa, zaman ya yi mata daɗi. In kuwa kunnuwa suka kwanta baya, bakin wutsiya ya fara bugun katako, to a janye hannu. Matarsa takan ce, "Ni sai na faɗa da baki kake sanin ina fushi, amma sakatariyarka kunne kawai za ta karkata."

Wata rana 'yarsa ta kawo ziyara tare da mijinta da ƙaramar 'yarsu, suka same shi a shago. Surukin ya dubi kyanwar ya ce, "Baba, irin waɗannan na bola ai ba sa sabo da mutum."

Maganar ta sosa masa rai. Ya ce, "Wannan? Zo nan, 'yar gidan Kaka, shafa ta ki gani."

Yarinyar ta matso. Yana kallo kunnuwan suka kwanta, yana jin wutsiyar na bugun talabijin. Ya san sarai abin da take faɗa. Amma suruki na tsaye yana murmushi, sai Mai Rediyo ya danne bayan kyanwar da hannu don kada ta sauka. Yarinyar na kai fuska kusa, kyanwar ta yakushe ta daga kumatu har haɓa.

Aka ruga da ita asibiti. Da suka dawo, surukin ya nemi buhu. 'Yarsa, idonta jawur, ta ce, "Baba, da ido ta samu fa?"

Mai Rediyo ya dubi filastar da ke fuskar jikarsa. Kyanwar ta shige ƙarƙashin tebur, kuma ba wanda take bari ya taɓa ta sai shi. Shi ya durƙusa ya kira ta. Ta fito. Shi ya sa ta a buhun da hannunsa.

Surukin ya kai ta can bayan tashar mota ya sake ta.

Daga ranar Mai Rediyo ya fara rufe shago da wuri. Yakan ce wa matarsa zai miƙe ƙafa, ita kuma ba ta tambayarsa me ya sa aljihunsa ke ƙarnin kifi. Sau ɗaya ya hango kyanwar, a ƙarƙashin wata babbar mota. Ya tsuguna nesa kaɗan ya kira ta. Ta dube shi yadda take duban kowane mai wucewa, ta tashi ba gaggawa, ta shige kwalbati.

Ciwon yarinyar ya warke, sai ɗan siririn tabo. Da suka sake zuwa, tana ta murɗa wata rediyo ta ce, "Kaka, ina muguwar kyanwar nan?"

"Ba muguwa ba ce," in ji shi.

'Yarsa ta yi dariya. "Baba, har yanzu kare ta kake yi?"

Ya sunkuya kan dalmar da yake narkawa, har wayar ta manne a inda bai nufa ba.