Bindin Rigar Harlan

Duk wanda ya taɓa shiga shagon kayan farauta na garin idan ganye ya fara ja ya san Harlan Stoltz, ko bai san fuskarsa ba ya san muryarsa. Gajere ne mai tumbi, ya ƙare ƙuruciyarsa yana tuƙa motar 'yan makaranta a kan tsaunukan arewacin Pennsylvania. Tun da ya ajiye aiki ya zama faɗi-ba-a-tambaye-ka-ba. Ka zo sayen tsirkiya kawai, sai ya riƙe maka hannu ya karanta maka halin barewa tun daga ƙaho har kofato.

"Hanci ne, malam, hanci! Idonta za ka iya yaudara, kunnenta ma haka. Amma in iska ta ɗauki warinka ta kai mata, to tattara ka koma gida ka sha kofi."

Abin haushin shi ne gaskiya yake faɗa. Ya san inda namiji ke goga ƙaho a jikin ƙananan itatuwa, ya san inda yake tone ƙasa ya bar wa mata saƙo. In barewa ta buga ƙafa ta yi huci, Harlan zai gaya maka wace ce ta gan ka, wace ce take zargi kawai. Mutane da yawa sun cika firjinsu da nama saboda shawararsa. Kaya kuwa ba a magana. Bakansa na zamani ne, mai 'yan tayoyi a kowane baki, kibiyoyinsa kaifi kamar reza. Yana da 'yar kwalbar hoda da yake fesawa ya ga inda iska ta nufa, da takalman roba, da wasu tsofaffin ƙahoni da yake karawa don namiji ya zaci faɗa ake yi ya zo kallo. Kayan da zai sa kuma a buhu yake ajiye su da busasshen ganye da ƙasa, ba ya yarda sabulu mai ƙamshi ya ko raɓe su.

Abu ɗaya kawai Allah bai ba shi ba, wato sa'ar harbi. Da zarar namiji mai ƙaho ya tsaya a gabansa, sai hannu ya kama rawa, kibiya ta tafi inda ta ga dama. Ya taɓa harbin kututture, ya taɓa harbin shingen wani manomi. Abokinsa Otis, dogo mara nama wanda suka tashi tare tun suna yara, yakan ce itatuwan dajin nan da sun hango Harlan sai su fara addu'a.

Suna da bukkar katako a gindin tsauni, su da wani Boyd mai dafa musu wake da dankali. Ƙa'idar bukkar kuwa irin ta kowace bukkar maharba ce: wanda ya harba ya kuskure, a yanke masa bindin riga, wato ƙasanta na baya, a kafa a bango da ƙusa. Ba a roƙo, ba a ɗaukaka ƙara. Bangon da ke kusa da murhu kusan duk na Harlan ne, har Boyd yana cewa shi ke tare musu sanyi.

Riga ɗaya ce take shan wannan wahala, wata ja mai kauri da matarsa Wilma ta saya masa a shekarar da suka yi aure. Ya ce ita ce rigar sa'arsa, babu kuma wanda ya taɓa ganin sa'ar. Duk ƙarshen kaka sai ya dawo gida da riga gundul, ya ajiye ta a kan teburin kicin. Wilma sai ta ɗaga ta, ta leƙo shi ta saman gilashinta.

"Sannu da zuwa, sarkin baka. Ina naman?"

"Ta ji ƙarar tsirkiya ta duƙa, Wilma. Haka suke yi, kafin kibiya ta iso sun sunkuya."

"Oho. Bara ma duƙawa ta yi. Barewar dajin nan dai akwai ladabi, kullum sai sun durƙusa maka."

Daga nan ta buɗe kwandon ƙyallayenta ta yi masa sabon bindi. Ba ta taɓa neman ja mai kama da rigar ba, da gangan. Wata shekara tsohon labulen kicin ne mai hoton kaji, wata shekara shimfiɗar tebur, wata shekara guntun zanen gadon 'yarsu. Haka zai tafi daji, sama maharbi, ƙasa 'yan furanni. Yana gunaguni, amma bai taɓa hana ta ba.

Bindi na ƙarshe da ta ɗinka daga shuɗiyar rigarta ta zuwa coci ta yanko shi. Lokacin ciwo ya riga ya ci hannunta, ɗinkin ya fito a karkace. Kafin ƙanƙara ta narke a tsaunuka aka binne ta.

Rashin Wilma ya yi wa Harlan ciwo, wannan kowa ya sani. Abin da ba kowa ya lura ba shi ne ciwon da tausayin mutane ya ƙara masa. Shekara da shekaru ana tsokanarsa, rana ɗaya aka daina. A shago in ya fara wa'azin hanci, sai a yi tsit ana gyaɗa kai kamar a gaban limamin coci. Otis, wanda bakinsa bai taɓa raga masa ba, ya koma kiran waya yana tambaya ko ya ci abinci. Harlan ya ji kamar an haƙa kabari biyu ne aka manta ba a saka shi a nasa ba.

Da kaka ta zagayo ya buɗe aljihun kayan Wilma, sai ga jar rigar a ninke a ƙarƙashin mayafanta, ta sha ƙamshin sabulun da take ajiyewa a ciki. Mutumin da ya yi shekaru yana hana maharba ko shafa mai ya tsaya riƙe da rigar, ya daɗe. Ya san wurinta buhun ganye ne, ko ruwa da sabulun da ba ya ƙamshi. Bai yi ko ɗaya ba. Ya saka ta a jaka yadda take.

A bukka ƙamshin ya riga shi shiga. Otis ya shaƙa, ya kalli Boyd, Boyd ya mayar da kai kan tukunya. Da a ce bara ce, da sun yi masa waƙa har da amshi. Otis dai cewa ya yi, "Zo ka zauna kusa da wuta, Harlan, ka sha hanya."

Da gari ya waye ya hau ɗan bencinsa da ya ɗaure a saman bishiya, bakin wata tsohuwar gonar tuffa da daji ya cinye. Ya fesa hoda, ya ga iska daga gonar take tahowa ta wuce shi. Ke nan barewa ba za ta ji komai ba, shi kaɗai ke shaƙar ƙamshin da ke tasowa daga wuyan rigar. Ya zauna da shi har rana ta ɗan ɗaga.

Mace ce ta fara fitowa da sassarfa, tana waiwaye. Harlan ya san abin da waiwayen nan ke nufi. Sai ga namiji a bayanta, wuya ya kumbura, hanci a ƙasa, ƙaho kamar an ɗora masa kujera a kai. A wannan watan maza ba su da hankali, soyayya ta ɗauke musu shi. Ya zo ya tsaya a gicciye, kusa ƙwarai, kamar an ce masa tsaya a ɗauke ka hoto.

Harlan ya ɗaga baka, hannu kuwa ya kama aikinsa na kullum. A nan ya tuna da abin da ke bayansa. In ya saki kibiya ya kuskure, shuɗin bindin nan ya tafi bango, babu kuma mai ɗinka wani. In ya sauke baka, ba wanda ya gani, ya koma da rigarsa lafiya, ya ce daji shiru. Za su gyaɗa kai su zuba masa wake. Tunanin gyaɗa kan nan ne ya sa ya ja tsirkiya har kunne.

Ya saki. Namijin ya duƙa, kibiya ta bi ta saman bayansa ta kafe a jikin itacen tuffa. Ya ɗaga farin bindinsa ya shige daji, mace ta bi wata hanyar. Harlan ya sauko ya yi ta fama da kibiyar, ta ƙi fita, sai da ya karya ta.

Ya shiga bukka da guntun kibiya a hannu, ya ajiye a kan tebur tsakanin kofuna. Otis ya kalle ta, ya kalli bayan rigar, ya kau da kai.

"Kibiyoyin zamanin nan ba su da ƙwari," in ji shi. "A kwari ma karyewa suke yi."

"Harbi na yi, Otis."

"To, ai wani lokacin reshe ne ke tare..."

"Ba reshe. Namijin barewa yana tsaye kamar ƙofar rumbu, na kuskure." Ya zaro wuƙarsa ya miƙa masa ta ƙota. "Tashi ka yi aikinka."

Boyd ya ajiye ludayi. "Haba Harlan, bana dai a bar shi. Mun san ɗinkin wa ke nan."

"Na fi ku sanin ɗinkin wa ke nan. Ita ta taɓa raga min? Tun da ta tafi kuke lallaɓa ni kamar ƙwai. Ko ku yanka, ko ku gaya min na daina zama ɗan bukkar nan in ɗauki jakata."

Otis ya karɓi wuƙar. Ya kama shuɗin ƙyallen ya bi karkataccen ɗinkin a hankali har ya rabu. Ya ɗauko guduma ya kafa shi kusa da murhu. Su uku suka tsaya suna kallon bangon, ga labulen kicin mai kaji, ga shimfiɗar tebur, ga zanen gadon yarinya, ga rigar coci a ƙarshe. Harlan ya yi shekaru yana ganin bangon nan a matsayin abin kunyarsa. Ran nan ya ga gidansa ne kakaf a jere, duk da hannunta a jiki.

Da la'asar ya zauna a bakin ƙofa inda haske yake, ya fito da allura da zare daga kwandon Wilma da ya zo da shi a mota, da wani tsohon tawul. Ya lashi zaren, ya kai, ya wuce. Ya sake lasa, ya sake wucewa. Otis yana jingine da ƙofa da kofi a hannu, ya yi haƙuri iya haƙuri, har abin ya fi ƙarfinsa.

"Boyd, zo ka ga ikon Allah! Mutumin da ya kasa samun barewa mai girman saniya, wai shi ne zai sami kafar allura."

Harlan ya fashe da dariya, irin wadda rabonsa da ita tun kafin ƙanƙara ta narke. Ya yi ta yi har hawaye suka cika masa ido, kafar allurar ta ɓace masa gaba ɗaya.

"Duƙawa ta yi," in ji shi, yana goge fuska da hannun riga. "Riƙe min nan, ɗan banza."