Robar da Na Yi Ta Tafasawa

Har yau idan ruwan zafi ya taɓa roba, ƙamshin nan mai kama da na sabon takalmin sallah ya tashi, sai in ga kaina tsugune gaban murhu a gidanmu na Illela, da goyo a bayana. Shekarata ashirin da ɗaya a lokacin. Ban daɗe da gama kwalejin ilimi ba, ina rubuta 'yan waƙoƙina a bayan tsohon littafin darasi, kuma a raina ina ganin duk gidan babu wanda ya kai ni sanin tsabta.

Ɗiyata ta fari tana da wata biyar nonona ya ja baya. Maigidana, wanda yake fataucin albasa zuwa Ƙonni, ya sayo mini fida biyu na shayar da jariri, na roba masu zanen furanni. Surukata, wadda duk muke ce wa Inna, ta ce in bar wannan tarkacen in ɗauki ƙoƙo da ludayi, da su ta raini 'ya'ya tara. Na yi murmushi na yi mata bayanin ƙwayoyin cuta waɗanda ido ba ya gani. Ta dube ni ta ce to, tunda 'yar boko ta yi magana, ita mi ta sani. Daga ranar safe da yamma sai na tafasa fidan nan a tukunya, in zuba kunu yana tururi, in jira ya huce a ciki. Da suka dushe suka yi fari-fari, sai na ɗora laifin a kan ruwan rijiyarmu. Fiye da shekara biyu ina haka. Bayan yaye kuma, kokonta da tuwonta duk a leda nake ƙulle su da zafinsu, don kada ƙuda ya taɓa.

Yarinya ta yi ɓulɓul. Matan unguwa suna karɓarta suna masha Allah, suna tsokanata wai in faɗa musu sirrin. Ni kuwa har waƙa na rubuta mata, na kamanta kumatunta da wata ɗan daren sha huɗu. Ban san ranar da yabon ya fara juyewa ba. Tana shekara biyar ba ta iya bin sa'o'inta zuwa Islamiyya sai ta tsaya tana haki, cinyoyinta suna gogar juna har su yi ciwo. Tana shekara bakwai na ga alamar ƙirgen dangi a ƙirjinta, na zauna bakin gado ina kallon bango. Wata rana ta dawo daga makaranta ta tambaye ni don mi yara suke kiranta tirela, suna yi mata hon idan za ta wuce, kuma idan ta daina cin abinci gaba ɗaya za ta koma kamar su? Cinta bai fi na 'yan uwanta ba. Wasu suka ce gado ne, wasu suka ce baki ne, wata ta ce in rage mata tuwo. Na rage, ta yi ta kuka, jiki bai ragu ba.

A Sakkwato wata likita ta yi mini tambayoyi masu yawa, kan sukari, kan lemon kwalba, kan danginmu, sannan ta tambayi a cikin me nake ba ta abinci tun tana jaririya. Cikin alfahari na ba ta labarin tafasa fida. Sai ta ajiye bironta. Ta ce akwai robobin da zafi yake sa su saki sinadarai masu rikita tsarin da jiki yake bi wajen girma, kuma masu bincike suna zargin suna da hannu a ƙibar yara. Amma ta ce ba za ta rantse cewa shi ne sanadi ba; yana iya zama gado, ko ci, ko duk sun haɗu. Na fito da ruɗanin da ya fi wanda na shiga da shi. Har yanzu ban san ko ni na jawo mata ba, kuma wataƙila ba zan taɓa sani ba.

Da na faɗa wa Inna, ba ta ce ai ta faɗa ba. Tashi ta yi ta ɗauko tsohon ƙoƙonta ta ajiye gabana. Yanzu ɗiyata tana ganin likita, muna taka sawu tare kowace yamma, nauyin yana sauka a hankali ƙwarai.

'Yan uwana mata, karatu kaɗan ya sa na raina tsohuwa, na kuma amince da abu don kawai yana sheƙi. Kada ku haɗa abincin yaro mai zafi da roba ko leda. Akwai kwano, akwai tangaran, akwai ƙwarya. Sai bayan shekaru na san cewa farin nan da fidan suka yi ba daga rijiya ba ne, robar ce take zagwanyewa. Ƙamshin da nake shaƙa ina cewa na tsabta ne, ashe nata ne.