Ranar da Sakatare Ya Zauna a Bencinmu

Ni ne masinjan wata 'yar ƙungiya ta masu sana'ar hannu, a wani ofis mai ɗaki biyu kusa da Ƙofar Mazugal. Marina ne da dukawa da masu ɗinkin hula. Aikina shara, kai takarda, da dafa shayi in an yi baƙi. Bayan la'asar kuma nakan tafi makarantar manya, inda muke zama a bencin yaran firamare, gwiwoyinmu suna dukan tebur, wata Malama tana koya mana karatun boko. Sai da furfura ta kama gemuna na shiga, kuma ban ɓoye wa kowa ba.

Wata rana da hantsi sakatarenmu, matashi mai digiri da takalmi mai tsinin baki, ya ɗago kai daga kwamfuta ya ce, "Baba, kana da imel?"

Na ce mai gyaran waya ya taɓa buɗe mini, amma ban san abin da yake ci ba.

Sai ya bayyana mini cewa duk mai imel ana ba shi wani rumbu a intanet, ya zuba hotuna da takardu, ya buɗe daga ko'ina. Nasa ya cika da bidiyon bikin ƙaninsa. Ƙungiya ba ta da nata, don Alhaji ciyaman ya ce sai an zauna, kuma ba a zauna ba. Da muka leƙa nawa, hotunan tantabaruna ne kawai a ciki.

"Ara mini lungu ɗaya, Baba, na kwana biyu."

Kwana biyun Bahaushe kuwa kowa ya san tsawonsa. Ya kwashe fayil ɗin ofis kaf ya zuba: wasiƙu, takardun mambobi, hotunan turamen da aka rina da jakunkunan fata.

Abin da bai faɗa mini ba shi ne, rumbun ba ya buɗuwa a kwamfutar ofis sai an turo wata lamba ta wayata. Duk sanda aka ɗauke wuta kwamfutar ta mutu, in ta tashi sai ta nemi sabuwa. Shi kuma sakatare mutum ne da yake cinye safiyarsa a gardamar ƙwallo, aiki ba ya kama shi sai rana ta yi sanyi. Wato daidai lokacin da nake aji. Ina tsaka da haɗa baƙi da wasali, sai aljihuna ya ɗauki ruri. In fita baranda, in karanto masa lambobin ɗaya bayan ɗaya, ya ce ban yi sauri ba ta mutu, a sake. Kafin in dawo an goge allo.

Malama ta yi haƙuri har ta gaji. Ranar nan ta tsare ni a gaban jama'a ta ce, "Baba, jarrabawa ta matso. Ka sake fita mini ana darasi, ba za ka zauna ta ba. Sai ka maimaita aji ɗaya."

Maimaita aji a shekaruna ba wasa ba ne. Na faɗa wa sakatare, ya yi dariya ya ce, "Haba Baba, lamba ce fa kawai."

A hanyar gida na yi ta tunani. Mahaifina ya yi zaman shago a kasuwa, mutanen karkara suna barin ajiya a wurinsa, wani buhu, wani ƙullin kaya. Bai taɓa ba ɗan aike ajiya ba, ko da ɗan cikin mai ita ne. Mai kaya ya zo da ƙafarsa, a gaisa, ya zauna, in ana cin abinci ya sa hannu, sannan a ɗauko masa. Na ga ai abin da ke wayata ajiya ce, ni ne dai na lalata tsarin da nake miƙa ta ta iska.

Washegari na zo aji da faifan matata. Na ce, "Malama, me zai hana kowa ya ajiye wayarsa a nan, kamar yadda ake cire takalmi a ƙofar masallaci, sai an tashi?" Ta karɓa hannu bibbiyu, ta ƙara da dokarta: hannu ba ya shiga faifai sai an shafa fatiha.

Ba a jima ba ranar ta zo. Wasu baƙi suka iso ofis suna son ganin hotunan kayanmu, don a zaɓi waɗanda za a kai baje koli. An ɗauke wuta an dawo da ita. Muna aji muna jin faifai yana rawa a kan teburin Malama, ya yi shiru, ya sake ɗauka. Na kafe idona a allo.

Can sai ga sakatare ya diro daga adaidaita sahu, gumi ya jiƙa masa riga. Ya yi sallama a gurguje.

"Malama, don Allah Baba nake nema, minti ɗaya."

"Yana karatu."

"To wayarsa kawai."

"Tana faifai."

"Wallahi baƙi ne suke jira!"

"Su ma waɗannan jira suke. Ka tare mini haske. Ko ka shigo ka zauna, ko ka koma."

Ya dube ni. Na ce, "Malam sakatare, ajiyarka tana nan lafiya ƙalau, ko ƙura ba ta hau ta ba. Zauna mana, an kusa."

Wuri ɗaya ne ya rage, kusa da wani tsohon marini daga Ƙofar Mata, wanda baban rini ya rine masa hannu har gwiwa. Ya matsa masa yana cewa, "Bismillah, sabon shiga. Kar ka ji kunya, duk haka muka fara."

Wani ɗan dako daga baya ya ce, "Da wannan takalmin ma bai iya ba? To mu me za mu ce?"

"Ina da digiri fa," in ji sakatare.

"Allah ya ba ka lafiya," in ji marinin. "Ni ma hawan jini gare ni."

Malama ba ta ko murmusa ba. Ta buga allo da sanda, aji ya ɗauki karatu, sakatare ya yi gum. Ta ce bencin gaba akwai bakin da ba ta ji ba, kuma ba za a tashi ba sai kowa ya faɗa. Sai ga muryar sakatare a cikin namu, siririya, tana bin layi. Marinin ya riƙa gyaɗa kai yana cewa yaron yana da kai, in ya dage zai yi nisa.

Da aka shafa fatiha na ɗauki wayata, muka koma ofis tare. Baƙin sun sha shayin da Alhaji ciyaman ya dafa musu da kansa, abin da ba a taɓa gani ba. Suka ga hotunan, suka zaɓa, suka tafi.

Alhaji ya rufe ƙofa ya ce, "Wai kayan ƙungiya gaba ɗaya a aljihun Baba suke kwana? In ya faɗa kwata da wayar fa?"

Na ce, "Alhaji, ni dai ajiya aka ba ni."

Zaman da aka daɗe ana jira, a tsaye aka yi shi. A makon nan aka buɗe wa ƙungiya rumbunta, lambar tana zuwa wayar ofis, sakatare ya yi ta jidar kaya yana tsaki.

Na zauna jarrabawa. A shifta na sha wuya, don Malama tana sauri, amma na haye aji biyu. Marinin kuwa bai haye ba, kuma ya ɗora laifin a kan rashin abokin zama. Har yau in ya biyo ta ƙofar ofis sai ya leƙo ya ce, "Ina ɗan ajinmu? Malama tana cigiyarka, fashin ya yi yawa."