Siddiƙu da Gonar da Ba a Shiga da Ƙarfe

Ranar Laraba, sha ɗaya ga watan Rajab, da hantsi, ina tsaye cikin albasata a fadamar Kagara sai wayata ta yi ƙara. Khadija ce, 'yar Siddiƙu. Ta ce, "Baffa Lauwali, Baba ya cika." Daga Allah muke, kuma gare Shi za mu koma. Dakta Siddiƙu Attahiru, ɗan gwaggona kuma taubashina, ya rasu a Sakkwato bayan jinyar wata biyu, yana da shekara sittin da huɗu. Bayan la'asar muka kai shi makwancinsa a Wurno, kusa da kakanninsa.

Siddiƙu, shekara talatin ina tsokanarka da cewa duk dangi sun kama aikin ƙasa, kai kaɗai ka tafi noman sama. Mutanenmu sun ɗauke ka masanin taurari. Da ka zo gida sai a tare ka, wannan ya tambayi yaushe ruwa zai sauka, wancan ya tambayi ranar tsayuwar wata. Ba ka taɓa jin kunyar cewa ba ka sani ba. Kakan ce naka aikin ba taurari ba ne, sararin da ke tsakanin rana da duniya ne, wanda ido ke gani kamar babu komai a cikinsa.

A bakin madatsar Goronyo ka zaunar da ni ka yi mini bayani, lokacin ina ma'aikacin ban-ruwa. Ka ce rana ba haske da zafi kawai take aiko mana ba, akwai wata iska ta ƙwayoyi masu ɗauke da lantarki da take hurowa dare da rana. Duniya kuma Allah Ya kewaye ta da ƙarfin maganaɗisu, shi ke tare mana wannan iska kamar yadda madatsa ke tare ambaliya. Ka ce can sama, wajen kilomita ɗari, akwai wani sashe na iska da ke maido da muryar rediyo ƙasa, shi ya sa tashoshin nesa ke iso mana. Idan rana ta yi bore, rediyo ya shaƙe, taurarin ɗan'adam su rikice, har wayoyin lantarki su ji a jikinsu. Boren nan kuma yakan kai maƙura kusan duk bayan shekara goma sha ɗaya. Na ce to, ashe har rana tana da nata hawan jini. Ka yi dariya har sai da ka cire tabarau.

Da ka samo na'urar auna maganaɗisun ƙasa, wurina ka zo neman fili nesa da titi da wayar wuta. Na yanka maka gefen gonata, ka gina ɗan ɗaki ba ƙusa ko ɗaya, ka binne ta a ciki. Sharaɗi guda ka gindaya: kada ƙarfe ya matso kusa, ko da kalme ne na noma. Tun daga nan yaran Kagara suka sa wa wurin suna gonar da ba a shiga da ƙarfe. Kai kuma duk wata kana zuwa daga jami'a ka kwashi abin da ta auna, ba ka zuwa hannu sake. Ɗaliban da ka ɗauka daga Rabah da Boyekai ka kai jami'a, su ne suka cika sahun gaba a jana'izarka.

Yanzu ga abin da ya hana ni barci, kuma shi ya sa na ɗauki alƙalami. Shekara goma da suka wuce, ranin da ɓarayi suka addabi fadama da satar injinan ban-ruwa, na rasa inda zan ɓoye nawa. Sai na tuna ba mai zuwa wajen ɗakinka. Na haƙa rami a bayansa, kullum da la'asar in sa injin in rufe da kara, da safe in ɗauka, in ban da ranar kasuwa da ba na ban-ruwa. Na ce a raina ai a kashe yake, me zai yi wa na'ura? Ranin nan kuwa shi ne wanda ka daɗe kana jira, rana ta yi boren da abokan aikinka na ko'ina suka auna, naka awon na wata huɗu ya lalace ka zubar. Na ga yadda ka rame. Na tambaye ka, ka ce mini na'urar ce ta tsufa. Na yi shiru, kuma shirun nan ya kai shekara goma.

Sau biyu na je asibiti da niyyar neman gafararka. Na farko ɗakin cike da mutane, na biyu kana barci, na ce sai wani zuwan. Malamai sun faɗa mana haƙƙin bawa sai bawan ya yafe. Ga shi na sa ka a rami da hannuna, haƙƙinka na wuyana.

Ranar addu'ar uku na kasa riƙewa. Na tsaya a ƙofar ɗakin Bara'atu, matarka, tana bayan labule cikin takaba, na faɗa mata komai. Sai ta ce:

"Ai ya sani, Malam Lauwali. Tun sati na ukku ya sani. Awon shina tsalle da sahe, shina tsalle da la'asar, ranak kasuwa kuma shi kwanta lau. Yac ce mani rana ba ta san ranak kasuwa ba."

Na tambaye ta abin da ya hana ka yi mini magana.

"Ni ma na ce mai mi ya hana. Yac ce in yay yi magana kunya za ta sa ka hidda injin, ɓarayi su ɗauke, albasa ta ƙone, ɗiyanka su ci mi? Yac ce ya yahe, rana tana nan, za ta sake."

Za ta sake ɗin, ɗalibanka sun ce lokacin ya ƙarato. Kai ne ba ka nan. Wallahi Siddiƙu, da ka zage ni a lokacin da ya fi mini sauƙi.

Allah Ya jiƙanka da rahama, Ya yafe maka kamar yadda ka yafe ba tare da an roƙe ka ba, Ya haskaka kabarinka, Ya sa Aljanna ce makomarka. Ina miƙa ta'aziyyata ga Bara'atu da Khadija da ƙannenta, da dangi na Wurno da Goronyo, da ɗalibanka. Allah Ya ba mu haƙurin rashinka, Ya kyautata namu ƙarshen.

Na'urarka tana nan tana aiki, kuma muddin ina raye ba mai tone ta. Jiya na je na tarar ciyawa ta kewaye ɗakin. Na ajiye kalme da makullaina a bakin hanya, na durƙusa na cire ta da hannu.