Muryar da ta Rage wa Sahabi

Idan ka je bakin ruwan Warra ka tambayi Sahabi mai goge, za a ce ba a san shi ba. Ka ce Sahabi Bunsuru, sai a raka ka har ƙofar gida.

Shi ya jawo wa kansa. Tun yana saurayi ya haɗa waƙar wani bunsuru da aka sa a jirgi za a kai kasuwa, ya tsinke igiya a tsakiyar ruwa ya cinye wa wata tsohuwa albasarta. A ƙarshen kowane baiti Sahabi kan shaƙe maƙogwaro ya yi kukan bunsuru, goge ya amsa masa, mutane su yi ta faɗuwa ƙasa. Da wannan kukan ya yi aure, ya yi rufin kwano, ya aurar da 'ya'ya. Da ya tsufa sai gemu ya fito masa fari siriri, abin da bai taimaka wajen raba shi da sunan ba.

Amma yana da wata waƙar. An haife shi a wani tsibiri da ruwan Kainji ya shanye yana ɗan ƙarami. Shekara da shekaru yana ɗinka waƙar garin: tsamiyar da ake ɗaure jirage, dutsen da innarsa ke shanya kifi, kushewar kakansa da tarwaɗa ke kewayawa yanzu. Waƙa ce mai tafiya a hankali, babu wurin dariya a cikinta, kuma bai taɓa kai ta ƙarshe a gaban jama'a ba. Da ya fara sai wani ya ce, "Baba, wa ya mutu? A ba mu bunsuru!"

Bara muryarsa ta fara dushewa. Likita a Yelwa ya haska maƙogwaron, ya ce abin da ya saura kaɗan ne, in ya ci gaba da shaƙe shi muryar za ta tafi ba dawowa. Sahabi ya rantse cewa kafin ya fito sai da likitan ya roƙe shi ya ɗan yi masa kukan sau ɗaya.

Daga nan hankalinsa ya tashi. Ya sha zuma da citta da kanumfari har numfashinsa ya koma na mai shayi. Ya daina magana don tattali, sai nuni da hannu. Ya bi masunta inda suke gyaran koma ya fara musu waƙar, suka tattara suka ce rana ta yi. Ya tare masu jiran jirgi, suka ce bunsuru. Matarsa Sa'adiyya ta same shi a bayan ɗaki yana rera wa kaji.

"Malam, ni ban ishe ka ba? Na ji ta ya fi a ƙirga."

"Ke ba jama'a ba ce," ya ce da ƙyar. "In na mutu da ita a ciki, garin nan ya nutse sau biyu."

Ana haka Mamuda, mai jigilar mutane zuwa ƙetaren ruwa, ya yi sabon jirgi, ya kira Sahabi bikin saka shi a ruwa bayan la'asar. Kowa ya san abin da aka zo ji. Sahabi ma ya san muryar ba za ta ɗauki waƙa biyu ba. Ya zauna, ya ja goge a hankali ya shiga waƙar tsibiri. Bai gama baitin farko ba aka fara.

"Bunsuru, Baba! Jirgi sabo za ka sa wa makoki?"

Akwai ladabin fage da muka tashi muka tarar: muddin mai rawa yana ciki, kiɗan nasa ne, ba a sauya shi sai ya fita da ƙafarsa. Sa'adiyya, wadda rabonta da rawa tun tana amarya, gwiwa kuma ta daɗe da yi mata tawaye, ta dogara sandarta ta shiga tsakiya. Ta ɗaga ƙafa ɗaya, ta ajiye. Ta ɗaga ɗayar.

"Haba Inna," in ji Mamuda, "wagga ai ba rawa ba ce, zuwa asibiti ne. Fito ki huta."

"Ɗan nan, na goya ka kana jiƙa mani zane ban ce ka sauka ba. Ka jira."

Aka yi dariya, aka jira, don ba yadda za a yi. Sahabi ya wuce tsamiya, ya wuce dutsen shanya. A wajen kushewa muryar ta tsage, ta koma kamar ana jan buhu a ƙasa. Gumi ya jiƙa masa riga. Ya dubi matarsa, ya ga sandar na karkarwa, ita kuma ta harare shi, irin hararar da ke nufin kada ka kuskura. Ya ci gaba da raɗa. Na baya suka matso don su ji, wani tsohon masunci ya cire hula ya riƙe a hannu. Da raɗar ya kai baitin ƙarshe, inda jirage suka juya baya ga garin, ya sauke goge.

Sa'adiyya ta zauna daɓas a inda take.

Mamuda ya share ido da hannun riga, ya ce, "Madalla, Baba. To, yanzu bunsurun?"

Sahabi ya buɗe baki, iska kawai ta fito. Ya sake gwadawa. Shiru. Sai ya ja goge ya ɗauko kiɗan bunsuru, da aka zo wurin kukan, jama'a suka yi da kansu.

Muryar ba ta dawo ba. Har yau ana kiransa biki, shi ya ja goge, su su yi kuka, yana girgiza kai don babu wanda ya iya. Waƙar tsibiri ba a sake tambayarsa ita ba. Sa'adiyya kuwa ta daɗe a kwance da kumburarriyar gwiwa, tana gaya wa masu dubiya cewa da ta san waƙar ta kai haka tsawo a tsaye, da tun tuni ta sa ya rage ta.