Bututu Na Huɗu

Saura kwana biyu a rufe jami'a saboda korona, maigidana ya shigo gida rungume da akwatin katako, direban tasi na biye da shi da kwalaye uku. Na ɗauka kayan abinci ne, don a ranakun nan kowa a unguwarmu ta Pantai Dalam shinkafa da ƙwai yake jida daga kedai, wato kanti. Ya buɗe akwatin a kan teburin cin abinci, sai ga maikuroskof, madubin nan mai ƙara wa ƙanƙanin abu girma. Kwalayen kuma 'yan kwalabe ne ɗaruruwa, kowace da lamba a jikinta, a ciki ɗan yashi da bai cika ƙaramin cokali ba. Na ce masa, Malam, mazan mutane suna kawo wa iyalinsu abin da za su ci a kulle, kai ƙasa ka kwaso mana. Ya yi dariya, ya ce in yi haƙuri, wannan ƙasar ita ce tikitinmu na komawa gida.

Gaskiyarsa ne. Shekararmu huɗu a Kuala Lumpur yana karatun digirin dakta, ban taka Najeriya ko sau ɗaya ba. A nan na haifi 'yata, ta kai shekara uku mahaifiyata Inna ba ta taɓa ɗaukar ta ba, sai a waya. Sunan Innar muka sa mata, shi ya sa ba ta ce mata komai sai takwarata. Babi ɗaya ya rage wa Malam ya kammala, ya kare aikinsa a gaban malamai, mu ɗaure kaya. Ni da bakina na ce wa Inna ƙarshen shekara muna gida da yardar Allah.

Aikin nasa, yadda na fahimce shi bayan shekaru ina ji a kan tuwo, haka yake. Sun shiga jirgin ruwa can gabashin jihar Sabah, inda ƙasa ke yawan girgiza, suka soka dogon bututu a ƙarƙashin teku, ya fito cike da laka. Suka yanka shi gida biyar, kowane aka rufe bakinsa da murfi, ja a sama, fari a ƙasa. Duk lokacin da aka yi girgizar ƙasa, gangaren cikin teku yakan zube, ruwa ya gurɓace, sannan abin ya kwanta a hankali ya bar shimfiɗa guda. Idan ka ƙirga shimfiɗun, ka ƙirga girgizar da aka yi tun kafin a san rubutu a wajen. Shekarun kuma ana gane su daga ɓawon wasu ƙananan halittu da suka mutu a cikin lakar. Su ake tsincewa ɗaya bayan ɗaya a ƙarƙashin madubi. Bututun kansu suna ɗakin sanyi a jami'a, an kulle. Abin da ya zo gida shi ne abin da ya ɗiba daga cikinsu, sama zuwa ƙasa, ya wanke a rariya ya busar.

Satin farko na kulle ni ba ruwana. Yana tebur, ina fama da yarinya da ta saba fita filin wasa, yanzu ba ta da wajen gudu sai daga ɗaki zuwa baranda. A sati na uku idanunsa suka fara ja, yana tashi da ciwon kai, yana kuskuren ɗauka. Na ga abin zai ja mana lokaci, ni kuma lokaci ne ba ni da shi. Na ce ya matsa ya nuna mini.

Ranar da na fara leƙawa sai da na ce Allahu Akbar. Abin da na raina a kwalba ya zama tsakuwoyi manya, a tsakaninsu ga ɓawon nan farare, wasu zagaye a cure kamar gurjiya, wasu a naɗe. Da ɗan siririn burushi ake ɗauka, a jiƙa bakinsa ɓawon ya manne. Malam lasar burushin yake da harshe, wai haka duk masu aikin suke yi. Na ce ni ba zan lashi ƙasan teku ba, ga cuta a gari, ga azumi ya kusa. Na zuba ruwa a murfin kwalba na ajiye a gefe. Cikin kwana huɗu na fi shi sauri, abin ya ɗan ba shi haushi. Ban ga abin mamaki ba. Mutumin da bai taɓa tsintar wake ba.

Muka raba aiki. Da safe ni ke kan madubi yana rubutu, bayan azahar mu sauya. Na yi bututu na ɗaya, na biyu, na uku, hannuna ya san tsarin tun kafin kaina ya sani. Kwalba bayan kwalba kana gangarawa, yashin yana ƙara kauri, yana ƙara kauri, sai ka kai tsakuwa, daga nan kwatsam ka koma lallausa. Wannan ba sai an kai ni jami'a ba. Duk wadda ta taɓa rege shinkafar gida a ƙwarya ta san mai nauyi shi ke fara zama, mara nauyi ya biyo baya.

Da na shiga bututu na huɗu sai na tarar da akasin haka. Tsakuwa a sama, lallausa a ƙasa, shimfiɗa uku a jere duk haka. Na faɗa masa, ya ce ai ya sani, shi ne ma babin da yake rubutawa. A ganinsa waɗannan ukun ba girgizar ƙasa ta kawo su ba, ambaliyar kogi ce da ta ƙara ƙarfi a hankali, shi ya sa manyan suka zo daga baya. Ya ce wannan shi ne sabon abin da ya gano, shi zai riƙe aikin gaba ɗaya. Malamarsa, wata farfesa Bamalaya mai ƙarancin magana, ta tambaye shi a waya ko ya tabbata da yadda bututun yake. Ya ce mata da hannunsa ya rufe shi a jirgi.

Na ci gaba da tsinta. Ni wa, matar gida mai takardar koyarwa a firamare.

A kwalba ta ƙarshe ta bututu na huɗu na ga abin da ya tsayar da ni. Wasu 'yan ɓarɓashi masu ƙyalli, kamar an daka gilashi. Na taɓa ganin su sau ɗaya tak, a kwalba ta ƙarshe ta bututu na uku, har Malam ya ce mini tokar dutse mai aman wuta ce. Na ɗauko waccan kwalbar na sake zubawa a faranti. Su ne, ba bambanci. Na duba kwalba ta farko ta bututu na huɗu, wadda ya kamata ta ɗora daga inda na uku ya tsaya, babu ko ɗaya. Wato zarto ya raba shimfiɗar toka biyu, rabi ya zauna a gindin na uku, ɗaya rabin kuma yana bakin da aka rufe da farin murfi. An juya bututun. Sama ta koma ƙasa.

Na san kuma yadda aka yi. Malam mutumin tudu ne, bai taɓa ganin teku ba sai da ya haura talatin. Shi ya ba ni labarin yadda ya yi kwana tara a jirgin nan yana amai, yana aiki yana riƙe da ƙarfe.

Na mayar da kwalaben na rufe. Na tashi na ɗora girki.

Kwana shida ban ce komai ba, kuma ba zan yi ƙarya ba, na so in bar shi haka har abada. Na lissafa abin a raina. Idan na yi magana babin ya rushe. Sai ya jira a buɗe ɗakin sanyi, ya sake ɗiba, ya sake aika ɓawo a auna shekaru, ya sake rubutu. Ƙarshen shekara ya tafi kenan. Idan na yi shiru, wa zai sani? Malaman da za su yi masa tambayoyi ta kwamfuta ba za su ga kwalba ba. Girgizar da aka yi shekaru dubbai da suka wuce, mutanen da ta kashe sun riga sun mutu. Inna kuwa tana da rai, tana da ciwon suga, kuma kullum ana sanar da mutuwar tsofaffi a Kano. Na ji haushin Malam, na ji haushin teku, na fi jin haushin idona da ya gani.

Abin da ya karya ni shi ne jin daɗinsa. Yana karanta mini sakin layi daga babin bayan sallar la'asar, fuskarsa a sake, yana cewa wannan aikin zai taimaka a san tsakanin girgiza da girgiza shekara nawa ne, masu gine-gine a gaɓar teku su yi lissafi da shi. A lissafinsa ya cire guda uku daga ƙirga. Na ga ina zaune ina kallon mijina zai sa sunansa a kan abin da na san ba haka yake ba, kuma ni na tsince masa ɓawon.

Washegari da safe na jera kwalabe uku a gabansa, na ce ya duba da kansa. Ya duba ta farko, ya duba ta biyu. A ta uku ya daɗe ƙwarai.

Ya ɗago ya ce toka tana iya sauka sau biyu. Na ce tana iya, amma ya dubi tsakuwar. Ya ce ni ban san abin da ake kira ambaliyar ƙarƙashin teku ba. A nan raina ya ɓaci.

Na ce, "Malam, ban san ta ba. Amma ka juya lambobin nan ka karanta daga ƙasa, ka ga ko ba daidai suke da sauran ba. Kuma kada ka ɗauka daɗi nake ji. Ni ce na fi ka asara."

Ya miƙe. Ya sa takunkumi ya ɗauki jaka ya ce zai je kedai, don a lokacin mutum ɗaya ake bari ya fita daga gida. Ya yi fiye da awa, ya dawo da burodi da ba mu buƙata. Ya zauna ya jawo takarda ya juya lambobin. Ina daga kicin ina jin yana ƙirgawa a hankali.

Kwana biyu ba ya mini magana sai ta dole. A na uku ya kira malamarsa ta bidiyo, ya bar ƙofa a buɗe. Na ji ya faɗa mata komai, bai ɗora wa ma'aikatan jirgi ba, ya ce shi ya sauya murafun. Ta tambaya yadda ya gane ba tare da ya ga bututun ba. Ya ce matarsa ce ta gani. Ta ce a kira ni. Na yafa mayafi na leƙo, ta gaishe ni, ta tambaye ni tokar, na faɗa mata da Turancina na aji. Ta gyaɗa kai ta ce gara yanzu. Sannan ta faɗa masa lokacin da take ganin gyaran zai ci, idan an buɗe jami'a da wuri. Wata takwas zuwa goma.

Ya ce shi zai sanar da Inna, tunda laifinsa ne. Na ce a'a, uwata ce.

Na kira ta da yamma a nan, can hantsi. Ƙanwata ta riƙe mata wayar. Muka gaisa, ta tambayi maigida, ta tambayi kulle, ta ce a kawo mata takwararta ta gani. Yarinyar ta zo ta ce mata sannu da Turanci ta gudu. Sai na faɗa mata ba za mu zo ƙarshen shekara ba, an samu kuskure a aikin Malam, sai an gyara. Ban iya ce mata ni na tono kuskuren ba. Ta tambaya ko korar sa aka yi, na ce a'a. Ta ce to alhamdulillahi, Allah ya sa haka ne mafi alheri.

Ta juya ta yi wa ƙanwata magana, aka miƙo mata wani abu. Ta ɗaga shi gaban waya, 'yar riga ce ta atamfa da ɗankwalinta, tela ya riga ya gama. Ban san ta ba da ɗinki ba.

Ta ce, "Ke, da ido na kintata. Tunda an ƙara lokaci, auno mini tsawonta yanzu, in sa ya saki ƙasan."

Na ɗauko tef ɗin awo a durowa, na kamo yarinyar na tsayar da ita jikin bango, tana ta zillewa. Na auna daga kafaɗa zuwa ƙwauri, na karanta lambar, ƙanwata ta rubuta. Sau biyu aka saki ƙasan rigar nan kafin mu samu komawa.